Igiyar da Ta Kai Ni Arlit

Na gaji da jin labarina a bakin mutane. Ko a wani suna da aka yi a Maamobi kwanan baya, ina zaune da kunnena wata yarinya, wadda ko uwarta ba a aurar ba a lokacin, take ba da labari wai mafarki na yi, na ga babanku tsaye a kan tudun rairayi yana kirana. Wasu kuma sun ce malami ne ya buga mini ƙasa a Sabon Zongo. Tunda ku ma 'ya'yana na ji kun fara faɗa wa naku 'ya'yan haka, bari in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro. Ban yi mafarki ba. Matar da take tashi kafin kiran asalatu ta ɗora tukunyar wake da shinkafa, ina ta ga lokacin mafarki? Ban kuma je wurin kowa ba. Igiya ce ta kai ni Arlit, 'yar igiyar fata da tsawonta bai wuce kamu biyu ba.

Babanku ya tafi ne a shekarar yunwa, wadda gonaki suka ƙone, aka kuma koro mutanenmu daga Legas suka cika unguwarmu Nima har ana kwana a barandar masallaci. Garejin da yake aiki a bayan shataletalen Circle ya mutu murus. Babu taya, babu batir, motoci sai a ɗora su a kan duwatsu a jira. Mutumin da duk direbobin Accra suke kira Masta Iddi ya koma yana wuni a gindin bishiya yana korar ƙuda. Sai wani direba ya ba shi labarin wani gari a can cikin hamadar Nijar, gaba da Agadas, inda ake haƙo wani dutse da Turawa suke so, manyan motoci kuma ba sa hutawa. Ya tafi Zuwera tana goye a bayana. Shekara biyu saƙonsa yana zuwa ta motocin albasa: wani lokaci dabino, wani lokaci turmin atamfa, sau biyu kuma kaset da muka zauna gida guda muka saurara har ya tsinke. Ni kuma ina bakin babbar gota da tukunyata, abin da nake sayarwa kenan tun ina budurwa, wanda 'yan nan suke kira waakye. Daga nan sai saƙo ya yanke. Wata bakwai ba mu ji komai ba.

Ranar wata Litinin da hantsi sai ga ɗan dako ya shigo da akwatin ƙarfe a ka, wani direba Bazabarme yana biye da shi. Kore ne, an rubuta sunan babanku da farin fenti. A Nima ko yaro ya san ma'anar wannan. Makanike yana iya sayar da rigarsa da agogonsa, amma ba ya rabuwa da akwatin kayan aikinsa yana numfashi. In akwati ya dawo gida ba mai shi, ba a ma tambaya. Kakarku Mma Lariba tana ganinsa ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Direban ya ce shi a Yamai aka ba shi, wanda ya ba shi kuma a Tawa ya karɓa, abin da ya ji kawai shi ne mota ta faɗo a kan wani makanike ɗan Gana. Kafin azahar an jera benci a ƙofar gida. Wata tsohuwa ta zo ta cire mini 'yan kunne, na kuwa miƙa mata kaina, domin ba zan ɓoye muku ba, ni ma ran nan na yarda. Na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Washegari da safe aka ce in buɗe akwatin a fitar da tufafinsa don a rabar. Babu tufa ko ɗaya. Babu hula, babu carbi, babu 'yar butarsa. Kayan aiki ne kawai, kuma suna nannaɗe a cikin tsumman buhun fulawa da ni na ɗinka masa da aljihuna, kowace sifana da ɗakinta. Na warware na ga kowacce tana inda ya saba sa ta, daga ƙarama zuwa babba, an goge su an shafe su da mai. Na ga kayan mamata da yawa an kawo su Nima. Abokan aiki ne suke kwashewa su zuba yadda suka ga dama, rabi ma a hanya yake salwanta. Wannan ko allura ba ta ɓata ba. Sai na ɗauki igiyar da aka ɗaure tsumman da ita. Babanku yana da wani ƙulli nasa, zarge biyu da wutsiya ta dama, da shi yake ɗaure komai har ragon layya. Ƙullin nan nasa ne, amma a juye yake, wutsiyar tana hagu, bai kuma yi tauri ba. A bakin igiyar akwai sawun haƙora, da ɗan fili a tsakiya daidai wushiryarsa.

Na ɗauki igiyar na je wurin wansa, Alhaji Seidu, wanda kuke ce wa Baba Alhaji. Yana zaure yana lissafa wa mutane ranar da za a yi sadaka. Kun san maganarmu ta Nima, mace da namiji duk “ka” ne. Ni ce kawai mahaifina Bazazzage ya hana ni, da dorina kuwa.

“Yaya Alhaji, ƙaninka bai mutu ba,” na ce. “Hannunsa na dama ne ya samu matsala. Da hagu ya ɗaure wannan, ya ja da haƙori.”

Ya dubi igiyar, ya dube ni.

“Memuna, ka koma ɗaki. Baƙin ciki ne yana damunka. Mutum ya iya ɗaure kaya yau, gobe ya mutu.”

“Wanda yake kan gargara ba ya zama ya goge sifana ɗaya bayan ɗaya. Kuma ina hularsa? Ina carbinsa? Yana amfani da su, shi ya sa ba su zo ba.”

“To in yana da rai, me ya hana shi aiko magana?”

Na ce masa wannan kam ban sani ba. Muka ɗunguma zuwa wurin limamin unguwarmu, dattijo ne mai sanyin magana. Ya juya igiyar a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce shi bai ga wanda ya tsaya a kan kabari ba, amma kuma akwatin da maganar direba ba abin wasa ba ne. Ya ce a dakata har bayan Babbar Sallah, saura wata biyu kenan. In ba a samu wata shaida ba, dangi su yi sadakarsu, ni kuma in shiga takaba. Na ce ni zan je in kawo shaidar. Baba Alhaji ya ce mace ba ya tafiya wannan hanya koraa, ko kusa. Na ce to ya shirya ya je. Ya fara maganar ciwon ƙafarsa da shagonsa na Zongo Lane, na bar shi yana yi.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce Mma Lariba. Shekara goma sha biyar ina gidanta ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ranar da nake ɗaure kaya ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba.

“Ɗana yana kwance a ƙasar mutane, ka hana a yi mishi addu'a,” ta ce. “Ka hana ni kuka kamar kowane uwa. In ka dawo hannu banza, kar ka ƙara ce mini Mma.”

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. A ganinta ina tare wa mamaci ladan da yake jira. Haka na fita daga gidan, na raba ku biyar tsakanin ƙanwata Ayishetu da maƙwabta, na bar wurin sana'ata da na riƙe shekara da shekaru, na san kuma kafin in kai Kumasi wata ta ɗora tukunyarta a kan duwatsun murhuna. Abin da na ɗauka shi ne zani uku, tukunya ɗaya, damin karan dafi mai ba wa shinkafa ja, da babban gwangwanin shito, yajinmu baƙi na kifi. Na ce ko ina na faɗa, in dai akwai wake da ruwa ba zan yi bara ba.

Wata Hajiya Rakiya, 'yar Tawa mai fataucin albasa, ita ta sa ni a gaban motarta da za ta koma arewa da goro da katako. Mace ce mai faɗa da dariya lokaci guda. Mun bi ta Kumasi, Tamale, Bawku, muka ƙetare iyaka muka nufi Yamai, kullum ina ganin itatuwa suna raguwa suna gajarta. Daga Tawa ta haɗa ni da wani ɗan'uwanta direban tanka, ta ce masa in gashin kaina ɗaya ya faɗi kar ya ƙara bi ta ƙofar gidanta. Gaba da Agadas kuwa ƙasa ta ƙare da duk abin da na sani. Ba ciyawa, ba tsuntsu, ba ko akuya, sai baƙin dutse da rairayi da kwalta miƙaƙƙiya. Ni 'yar Accra ce, a wurinmu zafi shi ne gumi ya jiƙa maka riga. A can ba na ganin gumi, sai na ɗauka ba na jin ƙishirwa, na riƙa ƙin ruwan da direban yake miƙo mini don kunyar in ce a tsaya. Sai farkawa na yi a inuwar tanka, yana ɗura mini ruwa da gishiri yana cewa mutanen kurmi ba sa jin magana. Kwana goma sha ɗaya na yi a hanya.

Abin da na fara hangowa na Arlit wasu tuddai ne masu shafaffen kai. Na ce wa direban duwatsun nan kamar an yanke su da wuƙa. Ya ce ba Allah ne ya ajiye su haka ba, ƙasar da aka tono daga rami ce aka tara. Garin kuwa kashi biyu ne. Ɓangare ɗaya gidajen ma'aikata ne a jere, da lantarki da famfo, har da 'yan bishiyoyi da ake shayarwa da tiyo, da kantin da ake sayar da tuffa mai sanyi a tsakiyar hamada. Ɗaya ɓangaren kuma duk wanda ya zo neman sa'a ne ya kafa abin da ya samu: bangon laka, ƙyauren ganga, rufin kwali. Jiniya tana busawa sai ka ga motoci sun kwashi mutane masu hular kwano sun nufi rami, wasu sun dawo fari fat. Buzaye da rawani suna tafe da raƙuma a gefen motocin da tayarsu ta fi ni tsawo. In na wanke zani na shanya, kafin in matse na biyu na farko ya bushe. Na tsaya a tasha da tukunyata a ka, na ce a raina, Memuna, a cikin wannan taron za ki nemo mutum ɗaya da igiya.

Kwana huɗu ina yawo. Na je garejin da ya yi aiki, suka ce tabbas jak ya zame, ƙarfen mota ya sauko masa a hannu, an kai shi asibiti. A asibiti suka ce an sallame shi da ƙafarsa tun watanni. Nan na zauna a bakin baranda na yi hamdala, na yi kuka, na kuma yi dariya, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma daga ƙofar asibitin sawunsa ya ɓata. Wani ya ce ya bi mota zuwa ƙasar Larabawa, wani ya ce ya ga mai kama da shi a Agadas. Na je maƙabarta ma, mai gadin ya ce bai binne ɗan Gana ba a bana. Shaida na samu ta cewa bai mutu a ƙarƙashin mota ba, amma na san Baba Alhaji, in na koma da baki kawai zai ce ai bayan nan ya mutu.

Sai na yi abin da na iya. Na ari murhu wurin wata mata mai sayar da fura a tasha, na sayi wake da shinkafa, na jefa karan dafi da 'yar kanwa, na buɗe gwangwanin shito. Ban yi talla ba. Kafin tukunya ta tsotse sai ga wani tela ɗan Kumasi ya taho yana shinshina iska, ya tsaya a kaina kamar ya ga uwarsa. Ya ce, “Ei, Mma, waakye paa? Na gaske?” Washegari 'yan Gana da ban san suna garin ba suka fito daga ko'ina, masu walda, masu aski, kafintoci. Kowa na zuba masa sai in tambaye shi Masta Iddi. Duk sun san shi, duk sun je duba shi a asibiti, amma tun da ya fito ya guje su. Telan ya ce ya taɓa hango shi a kasuwa, yana kiransa ya sha kwana.

A rana ta shida, wajen azahar, wani tsohon Buzu mai gadi ya zo da kwano a rufe. Ya ce a zuba, a sa yaji da yawa, kar a sa taliya. Har na ɗauki ludayi sai ya ƙara da cewa mai kwanon ya ce in akwai ƙanzo a kankaro masa na gindin tukunya. Na ajiye ludayin. Shekara goma sha biyar ina kankare wa mutum ɗaya ƙanzon nan, yara suna kuka ina hana su.

“Baba, mai kwanon nan ina yake?”

“Yana can bayan gari wajen masu kamyo. Mai Kunne muke ce masa. Ba ya son baƙi, 'yata.”

“Ni ma ba baƙuwa ba ce. Wuce mu je.”

Na bar tukunya a hannun mai fura, na ɗauki kwanon da kaina. Mun yi tafiya har gidaje suka ƙare, muka iso wani fili da manyan motoci suke tsayawa, su ne kamyo a bakin mutanen can. A gefen wata mota da aka buɗe wa kai, injin yana ruri, ga mutum tsaye ya karkata kai, idonsa a rufe, hannunsa na dama cikin aljihun riga. Ya rame, gemu ya fito masa da furfura. Direbobi uku suna tsaye shiru suna jiransa. Ya ɗaga yatsan hagu aka kashe injin, ya faɗa musu abin da ya lalace da inda za su kwance. Sannan ya juyo neman kwanonsa, ya gan shi a hannuna.

Na sha tsara abin da zan ce masa a hanya, kalamai masu daɗi. Ko ɗaya bai zo ba.

“Masta, sannu da mutuwa,” na ce.

Ya jingina da motar. Ya ce, “Memuna, ke ce? Wa ya kawo ki nan?” Zaman Nijar har ya koya masa ce mini “ke”.

Muka zauna a 'yar rumfarsa ta kwano. Ya juya mini baya zai ci abinci, na ce ya juyo, ban ƙetare ƙasa uku don in kalli ƙeyarsa ba. Bai juyo ba. Da bayansa ya ba ni labari. Yatsu uku suka tafi, saura babba da ƙarami. Ba ya iya riƙe sifana, ba ya iya yin loma, ba ya iya miƙa wa mutum hannu a gaisa. Ya ce ya tuna yadda ake zama a zauren gidansu, maza goma a kan tire ɗaya, shi kuma zai zauna a cikinsu da cokali kamar jariri, kowa yana kawar da kai don tausayi. Na tambaye shi ko ya san abin da Nima za ta ɗauka in ta ga akwatin. Ya ce ya sani. Don haka ya aiko shi ba magana. Ya ce gara ku tashi da sunan 'ya'yan Masta Iddi da ya mutu a bakin aiki, da ku tashi kuna kallonsa a zaune.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun aurenmu, ran nan ma ban ɗaga ba, amma na faɗa masa komai.

“Wato ka zaɓa mini takabar ƙarya. In zauna wata huɗu da kwana goma ina wa rayayye kuka, in na fita danginka su ba da ni ga wani, alhali igiyar aurenka tana kaina. Wannan zunubin a wuyan wa? Uwarka ta daina cin abinci. Ka kashe kanka a Nima don kar a ga yatsunka, ka bar mu da ɗaukar gawar.”

“Me zan je in yi a can? Makanike ba hannu?”

“Yanzu me na gani kana yi? Direbobi uku suna tsaye kamar a gaban alƙali. Ko da kana Circle, sifana ce take kawo mutane wurinka? Masu sifana sun cika gari. Kunnenka suke biyowa, shi kuwa jak bai taɓa shi ba.”

Ya ce in koma in ce ban same shi ba. Na ce ni ba na ƙarya a gaban liman. Na ce masa kuma ba inda za ni, ga tukunyata a tasha, ciniki ma ya fi na Nima, duk direban da zai yi kudu sai na ba shi abinci kyauta ya kai labari cewa Masta Iddi yana nan da ransa yana ɓuya a bayan gari. Kwana uku muna haka. Kullum in kawo ƙanzo in zauna, ya juya baya, in yi ta ba shi labarinku ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi sauka, wadda ta fara kitso, da Zuwera da ba ta san fuskarsa ba. A rana ta huɗu na zo da ƙunshin kayana a kwance, na ajiye a gabansa, na ciro igiyar daga bakin zanina na ce ya ɗaure mini, hannuna yana ciwo. Ya dubi igiyar ya gane ta. Na nuna masa sawun haƙoransa. Ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, sannan a hankali ya zaro hannun daga aljihu. Na kalle shi sosai, ban kawar da kai ba. Ya danne da shi, ya zarga da hagu, ya ja da haƙori. Da ya gama ya ce in tambayi direban tanka yaushe zai juya.

Mun iso Accra saura kwana tara Sallah. A Circle ya ce mu jira gari ya yi duhu mu shiga. Na ce ni da rana na fita, da rana zan koma. Muka hau trotro, 'yar motar hayarmu, muka sauka a bakin gota daidai ana fitowa daga sallar la'asar. Wadda ta gaje murhuna ce ta fara ganinsa, ludayi ya faɗi daga hannunta. Kafin mu kai masallaci titi ya cika, wasu suna gudowa, wasu tsofaffi suna ja da baya suna karanta abin da ya zo bakinsu. Ni kuwa ina tafe a bayansa da tukunyata a ka, kaina a miƙe, kuma ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba, daɗin da na ji ran nan ko a Arfa ban ji irinsa ba. Liman ya fito ya tsaya a ƙofa, ya miƙa masa hannu. Babanku ya dubi hannun liman, sannan ya fito da hannun nan a gaban Nima duka ya ba shi. Liman ya riƙe da hannu biyu ya ƙi saki. Ya waiwayo ya ce wa jama'a, “Mu duka mun ga akwati. Matar nan kaɗai ya duba abin da ke ciki.”

Mma Lariba ta matso kusa da shi. Ta shafa fuskarsa, ta shafa hannun, sannan ta shiga ɗaki ta fito da 'yan kunnena ta sa mini da kanta. Abin da tafiyar ta ci mini kuwa kun san shi. Murhuna bai dawo ba, sai da na soma daga farko a Maamobi. Zuwera ta ɓuya a bayan Ayishetu tana kiranta Mma, ta yi kusan shekara kafin ta yarda ta kwana a ɗakina, har gobe kuma in abu ya dame ta can take fara zuwa. Ina jin zafin wannan, ban kuma yi nadama ba. Babanku ya koma Circle, ya zauna a kan kujera yana sauraron injuna shekara ashirin da wani abu. Takabar da na yi masa daga baya ta gaskiya ce, a gabana ya cika.

Washegarin dawowarmu Baba Alhaji ya aiko da buhun shinkafar da ashe tuni ya saya ya ɓoye a shagonsa don sadaka. Ni na dafa ta. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka ajiye babban tire, maza suka kewaye, aka zo da ruwan wanke hannu. Ina leƙe ta labule na ga babanku ya ja baya kaɗan, hannun ya fara komawa aljihu. Baba Alhaji ma ya gani. Mutumin da bai taɓa cin shinkafa da ƙarfe ba, wanda yake cewa cokali na asibiti ne, ya taɓa abincin da yatsa ya janye.

“Memuna, abincin nan ya yi zafi paa,” ya ce. “Ka kawo wa kowa cokali.”

Abincin ya daɗe da hucewa. Na bi maƙwabta na aro cokula goma sha biyu, har liman ya karɓi nasa. Babanku ya matso ya sa hannu tare da su. Tun daga ranar ba a ƙara cin abinci da hannu a zauren gidan nan ba, har Baba Alhaji ya bar duniya. Ku kun taso kuna tsammanin gayu ne irin na 'yan boko, har kuna yi wa maƙwabta yanga da shi. To yau kun ji dalili.